Yadda ake fahimtar tsohon rumbun bayanai na Access kafin a kwashe abin da ke cikinsa

A makarantu, kantunan magani, asibitoci da ƙungiyoyin adashe ana yawan samun fayil guda na Microsoft Access, manhajar adana bayanai a tebura, wanda wani ya gina shekarun baya, ya bar wurin, aka ci gaba da aiki da shi ba wanda ya san cikinsa. Ranar da aka yanke shawarar komawa wata manhajar rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, sai a danƙa aikin ga wanda ya iya SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, amma bai taɓa buɗe Access ba. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya fitar da teburan ya zuba a sabon wuri, kuma daga nan matsala take farawa. Fayil ɗin Access ba tebura kaɗai ya ƙunsa ba. A cikinsa akwai tambayoyin da ake yi wa teburan, da fom na shigar da bayani, da rahotanni, da makuro (jerin ayyukan da Access ke aiwatarwa da kansa), da umarnin VBA (harshen rubuta umarni na cikin Access), kuma ma'anar bayanan a warwatse take a tsakaninsu. Wannan bayani zai ɗauki misalin rumbun kuɗin makaranta da za a kai PostgreSQL, amma hanyar ɗaya ce ko da na magunguna ne.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta mai Windows da cikakken Access a kanta. Nau'in Access da ake kira Runtime kyauta ne, amma ba ya nuna yadda aka gina komai, don haka ba zai yi maka wannan aiki ba. Gara laftof mai batir mai kyau ko kwamfuta mai na'urar riƙe wuta, domin ɗaukewar wuta a lokacin da Access ke rubutu na daga cikin abubuwan da ke lalata fayil.

Filashi ko faifan ajiya guda biyu. PostgreSQL na gwaji a kan kwamfutarka, ba a kan sabar ofis ba. Manhajar duba rubutu irin Notepad++. Littafi da biro.

Rahotannin da aka buga a takarda a baya, kamar jimlar kuɗin zangon da ya wuce da jerin masu bashi, da rasit biyar ko shida.

Sai mafi muhimmanci: ma'aikacin da ke amfani da rumbun kullum, wanda zai ba ka awa biyu ko uku. Ka nemi wannan lokaci tun da wuri ta hannun shugaban wurin.

Idan babu Access sam, manhajar DBeaver na iya buɗe teburan, haka ma manhajar mdbtools a kan Linux. Za ka ga tebura, amma ba za ka ga fom da rahotanni ba, don haka sai ka roƙi a bar ka ka duba su a kwamfutar ofishin.

1. Ɗauki kwafi, kuma ka tabbata ka ɗauki duka

Ka sa kowa ya rufe rumbun. Alamar cewa har yanzu wani na ciki ita ce ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya da ke ƙarewa da .ldb ko .laccdb a folda ɗaya. Yakan ɓace idan mutum na ƙarshe ya fita. Idan ya ƙi ɓacewa bayan an kashe duk kwamfutocin, saura ne daga wata rufewa ta ba-zata.

Bincika kwamfutocin ofishin duka ka nemo fayilolin da ke ƙarewa da .mdb, .accdb, .mde, .accde da .mdw. Na .mdb shi ne tsarin da aka yi amfani da shi har zuwa Access 2003, .accdb kuma ya zo da Access 2007. Masu ginawa da yawa suna raba rumbu gida biyu: fuska mai fom da rahotanni a kowace kwamfuta, da tushe mai tebura a folda ta tarayya, wanda sunansa kan ƙare da _be. Wanda ya kwafi fuska kaɗai bai ɗauki bayani ko ɗaya ba. Idan ka ga .mdw, ɗauke shi, a nan sunayen masu shiga da izininsu suke.

Yi kwafi uku. Ɗaya a filashi a kulle a aljihun tebur, ɗaya a kwamfutarka ka sa masa alamar Read-only, na uku shi ne na aiki. Rubuta rana, lokaci da girman kowane fayil. Iyakar fayil ɗin Access gigabait 2 ce, saboda haka idan ya kusa cika, ka tambaya ko an taɓa kwashe tsoffin shekaru zuwa wani fayil daban.

2. Buɗe shi ba tare da ka tayar da shi ba

Kafin komai, cire kwamfutarka daga hanyar sadarwar ofishin. Dalili shi ne teburan da ke cikin fuska sau da yawa mahaɗa ne kawai masu nuni zuwa tushe. Kwafinka na fuska har yanzu yana nuni ga tushen gaskiya da ake aiki da shi, kuma duk gwajin da ka yi a can zai sauka. Teburin da aka haɗo yana da ƙaramar kibiya a jikin alamarsa. Shiga External Data, buɗe Linked Table Manager, ka karkatar da kowane mahaɗi zuwa kwafinka na tushe.

Wajen buɗewa, riƙe maɓallin Shift har sai fayil ya gama buɗewa. Wannan na tsallake makuro mai suna AutoExec da fom ɗin farko, waɗanda wani lokaci sukan goge teburan wucin gadi ko su sabunta wasu alƙaluma da zarar an shiga. Idan ka ga rawayan layi mai maɓallin Enable Content, kada ka taɓa shi tukuna, domin muddin yana nan, umarnin VBA da tambayoyi masu sauya bayani a ɗaure suke. Danna F11 don jerin abubuwan da ke ciki ya fito a hagu. Danna dama a saman jerin, zaɓi Navigation Options, ka kunna Show Hidden Objects, domin magina kan ɓoye teburan da suka fi muhimmanci.

Abubuwa uku kan tare hanya a nan. Idan Access ya ce fayil ɗin na tsohon zubi ne, mai yiwuwa na Access 97 ne, wanda Access 2013 da na bayansa ba sa buɗewa. Nemi kwamfuta mai 2007 ko 2010 ka juya kwafin. Idan fuskar .mde ce ko .accde, an cire rubutun VBA daga ciki kuma ba a ganin ginin fom, sai ka nemi asalin .mdb ko .accdb a tsoffin foldoji, in babu kuma ka dogara da mataki na 4. Idan akwai kalmar sirri, masu rumbun ne za su ba ka, da izinin shugabansu.

3. Ƙirga abin da ke ciki

A Database Tools akwai Database Documenter. Zaɓi tebura da tambayoyi duka, ka adana sakamakon a PDF. Yana da tsawo ƙwarai, ba don karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne, don komawa ne.

A littafinka ba kowane teburi layi guda: sunansa, yawan layukansa, babban mabuɗinsa (gurbin da ke bambanta kowane layi da sauran), da rana mafi kusa da aka shigar a ciki. Ranar ce za ta nuna maka mai rai da matacce. Za ka tarar da tblBiya, da tblBiya_old, da Copy Of tblBiya, kuma ba dole ba ne mai suna mai tsabta ya zama shi ake amfani da shi. Teburi mai suna Paste Errors kuwa Access ne da kansa ke ƙirƙirarsa idan wasu layuka suka ƙi mannuwa. Duba shi, wataƙila akwai kuɗin da aka karɓa bai shiga ba. Kada ka goge komai, alama kawai za ka sa.

4. Bi bayani guda daga hannun ma'aikaci har cikin teburi

Nan ne ainihin koyon yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Yanzu kana iya kunna Enable Content a kan kwafin aiki. Zaunar da mai karɓar kuɗi a gabansa, ka ce ya yi aikinsa yadda ya saba: ya yi wa sabon ɗalibi rajista, ya karɓi rabin kuɗi, ya buga rasit, ya gyara kuskure, ya soke wani biya. Kai dai kallo da rubutu. Ka ƙirga layukan teburan kafin ya fara da bayan kowane aiki. Idan biya ɗaya ya ƙara layi a tebura uku, ka gano alaƙar da babu inda aka rubuta ta. Idan soke biya bai rage layi ba, to akwai gurbin da ake sa wa alama, kuma dole ka nemo shi, in ba haka ba sabon rumbu zai ƙirga kuɗin da aka soke.

Tambayoyin da suka fi fito da gaskiya ƙanana ne. "Malam, idan uba ya biya wa 'ya'ya uku a rasit ɗaya, yaya kake shigarwa?" "Wannan gurbin da kike bari fanko, Hajiya, me ya sa?" A nan za ka ji cewa ana rubuta 0 a kuɗin ɗaliban da aka yafe wa, ana rubuta 1 ga wanda bai kawo shaidar banki ba, ko kuma gurbin da aka yi wa suna Fax lambar wayar mai kula da yaro ake sawa a ciki tun shekaru. Ba wata manhaja da za ta faɗa maka wannan.

Bayan ya tashi, buɗe kowane fom da ya taɓa a Design View, ka danna F4 don takardar siffofi ta fito. Record Source na nuna teburi ko tambayar da fom ke ci daga gare ta. Control Source na kowane akwati na nuna gurbin da yake rubutawa, kuma idan ya fara da alamar = to lissafi ne ake yi nan take, ba a ajiye shi a ko'ina. Sau da yawa "ragowar bashi" haka yake, za ka neme shi a tebura ka rasa. Row Source na akwatin zaɓi na nuna inda jerin zaɓin ya fito. Kula da rukunin maɓallan zaɓi: a teburi za ka ga 1, 2, 3 kawai, alhali bayanin cewa 1 kuɗin hannu ne, 2 tura kuɗi ta banki, 3 tallafi, a jikin fom kaɗai yake. Kwafe shi a littafi.

Sai ka danna Alt da F11 tare don ganin umarnin VBA. Ba sai ka iya rubuta shi ba. Nemi sassan da ke ƙarewa da BeforeUpdate, AfterUpdate da Click, sannan ka binciko kalmomin RunSQL, Execute, OpenQuery da DLookup. A nan dokokin aiki suke: yadda ake haɗa lambar rasit, rangwamen ɗa na uku, hana biya a zangon da aka rufe. Kowace doka ka rubuta ta da jimla ɗaya ta Hausa, ka karanta wa ma'aikacin ya tabbatar. A fayil na 2010 zuwa sama, duba kuma ko akwai makuro da aka liƙa wa teburi kansa.

5. Alaƙar tebura da tambayoyi

Buɗe Relationships a Database Tools, ka danna All Relationships. Layin da ke da 1 a gefe guda da alamar ∞ a ɗaya gefen yana nufin Access na tsare alaƙar. Layi siriri mara alama ba ya hana komai, kuma rumbuna da yawa ba su da layi ko ɗaya. A irin wannan hali, haɗe-haɗen da ke cikin tambayoyi ne za su nuna maka alaƙar.

Gargaɗi mai ƙarfi: kada ka buɗe tambaya da danna sau biyu. Masu alamar motsin rai a jikinsu masu aiki ne, suna gogewa, suna sabuntawa ko suna ƙara layuka, kuma danna su sau biyu aiwatar da su ne. Danna dama, zaɓi Design View, sannan SQL View.

Nemo marayun layuka, wato biyan da ɗalibinsa ba ya nan:

SELECT tblBiya.* FROM tblBiya LEFT JOIN tblDalibai ON tblBiya.DalibiID = tblDalibai.ID WHERE tblDalibai.ID Is Null;

PostgreSQL zai ƙi karɓarsu da zarar ka ɗaura mabuɗin haɗi, wato dokar da ke tilasta kowane biya ya zama yana da ɗalibinsa. Yadda za a yi da su ba hukuncinka ba ne, kai wa masu rumbun jerin, su yanke a rubuce.

SQL na Access yana da nasa karin harshe. Yana amfani da * da ? inda PostgreSQL ke amfani da % da _, yana haɗa rubutu da &, yana da IIf da Nz a madadin CASE da COALESCE. Ba ya kuma bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, don haka KN001 da kn001 abu ɗaya ne a wurinsa, amma a PostgreSQL biyu ne, haɗin da yake aiki jiya sai ya tsinke.

6. Gurabun da ke yaudara

Buɗe kowane teburi mai rai a Design View ka bi gurabun ɗaya bayan ɗaya.

Gurbi mai Lookup yana nuna maka "JSS 2" alhali lamba 5 ya ajiye. Duba shafin Lookup a ƙasan allon, ka tabbata teburin da ke fassara lambar yana cikin waɗanda za ka kwashe.

Yes/No a ciki -1 ne da 0, kuma PostgreSQL ba ya karɓar -1 a matsayin gaskiya. Currency yana riƙe lamba huɗu bayan ɗigo, ka ba shi numeric(19,4). Idan an ajiye kuɗi a Double, jimla na iya saɓawa da 'yan kwabo. AutoNumber yana da giɓi a tsakani, kada ka sake jera lambobin, domin sauran tebura da rasit na takarda da su suka san ɗalibi.

Kwanan wata ya fi kowanne wahala. Access na ƙirga kwanaki ne daga 30 ga Disamba 1899, shi ya sa gurbin da lokaci kaɗai aka sa masa ke fitowa da wannan rana. A cikin SQL kuwa, kwanan da ke tsakanin alamun # ana karanta shi ne da tsarin Amurka, wata kafin rana. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa. Idan maginin bai kula ba, 03/04/2024 da ma'aikaci ke nufin 3 ga Afrilu sai ya shiga a matsayin 4 ga Maris, amma 13/04/2024 ya shiga daidai tunda babu wata na 13. Gwada rasit na takarda masu ranaku daga 1 zuwa 12 da abin da ke teburi. Jera kuma ranakun haihuwa daga ƙarami zuwa babba, za ka ga waɗanda aka haifa a shekarar da ba ta zo ba saboda an rubuta shekara da lamba biyu.

Gurabun Attachment, OLE Object da masu ɗaukar zaɓi fiye da ɗaya ba sa fita lafiya a CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da ake fitar da teburi a cikinsa. Hotuna da takardu sai an fitar da su daban zuwa folda, masu zaɓi da yawa kuma kowanne na bukatar teburinsa a sabon rumbu.

Sai baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Daga Access 2000 zuwa sama fayil na iya riƙe ƙ, ɗ da ɓ na gaskiya. Amma a tsoffin bayanai an sha amfani da wani salon rubutu na musamman da ke nuna wata alama a matsayin baƙin, don haka idan an fitar sai ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, ~ a wurin ɓ. Binciko waɗannan alamu a gurabun suna da adireshi, ka shirya jadawalin musanya, ka gwada shi a layuka kaɗan kafin duka.

7. Ɗauki alƙaluman shaida

Koma kan sabon kwafi daga wanda ka sa wa Read-only, tunda na aiki ya sha gwaji. Ga kowane teburi mai rai rubuta yawan layuka, jimlar kowane gurbin kuɗi, rana ta farko da ta ƙarshe, yawan gurabun da ke fanko, da tsawon rubutu mafi tsawo:

SELECT Count(*), Sum(Adadi), Min(Rana), Max(Rana), Max(Len(Bayani)) FROM tblBiya;

Raba jimlar kuɗin shekara-shekara, domin kurakurai biyu na iya cinye juna a jimla guda. Gwada da rahoton takarda. Idan sun saɓa tun yanzu, akwai sharaɗi a tambayar rahoton da ba ka gani ba, koma mataki na 5.

8. Gwajin kwashewa

Ga kowane teburi rubuta tambayar fitarwa da ke daidaita kwanan wata da Format([Rana],"yyyy-mm-dd hh:nn:ss"). Lura, nn ne minti. A External Data zaɓi Text File, kada ka sa alama a zaɓin fitarwa tare da ado da tsari, sannan a Advanced ka mayar da Code Page zuwa UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya. A kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, waƙafi ne ke raba lamba da ɓangarenta, mai raba gurabu kuma alamar ; ce, sai ka gyara su a wannan allon. Fitarwa zuwa rubutu kan datse lambobi zuwa biyu bayan ɗigo, dogon rubutu kuma kan tsaya a baƙi 255, shi ya sa ka ɗauki tsawo a mataki na 7.

Kada ka buɗe CSV ɗin da Excel ka adana. Zai cinye sifilin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803, ya juya kwanan wata, ya lalata duk lambar da ta wuce alƙalami 15. Da Notepad++ ake dubawa.

Wata hanyar ita ce direban psqlODBC, ƙaramar manhajar da ke tura teburi kai tsaye daga Access zuwa PostgreSQL, muddin direban da Office ɗinka zubinsu ɗaya, 32-bit ko 64-bit. Mai mdbtools kuma zai yi mdb-schema makaranta.mdb postgres don samun tsarin, da mdb-export makaranta.mdb tblBiya don bayanan.

A PostgreSQL fara zuba komai a teburan sauka waɗanda duk gurabunsu rubutu ne, daga nan ka tace zuwa teburan gaskiya da SQL da ka adana a fayil. Kada ka gyara layi ko ɗaya da hannu, saboda za ka maimaita aikin gaba ɗaya ranar ƙaura. Sauya sunaye masu tazara irin Sunan Dalibi zuwa sunan_dalibi, ka ajiye jadawalin tsohon suna da sabo. Zuba teburan iyaye kafin na 'ya'ya: azuzuwa, ɗalibai, sannan biya. A ƙarshe ka matsar da ma'aunin lamba, wato abin da ke ba kowane sabon layi lambarsa, in ba haka ba rajistar farko za ta yi karo da lamba 1:

SELECT setval(pg_get_serial_sequence('dalibai','id'), (SELECT max(id) FROM dalibai));

9. Daidaitawa da ranar ƙaura

Sake fitar da alƙaluman mataki na 7 a sabon rumbu, ka jera su kusa da na da. Duk bambanci, ko na kwabo ɗaya ne, sai an san dalilinsa an rubuta. Sannan ka ba ma'aikacin sunaye ashirin da shi ya zaɓa, har da masu rikitaccen lissafi, ya duba su a tsoho da sabo.

Zaɓi ranar da ba a karɓar kuɗi, kamar lokacin hutun zango. A rufe rumbun, a ɗauki sabon kwafi kamar a mataki na 1, a sake gudanar da fayilolin SQL, a sake daidaita alƙaluma. Tsohon fayil a mayar da shi Read-only, a cire alamarsa daga allon kwamfutocin ma'aikata don kada wani ya ci gaba da shigarwa a can, amma a bar kwamfuta ɗaya mai Access da za ta iya buɗe shi har a kammala binciken kuɗin shekarar. Kwafin da ke kwamfutarka da filashinka kuwa suna ɗauke da sunayen yara, lambobin iyayensu da bashin mutane. Miƙa ɗaya ga shugaban wurin tare da littafin dokokin da ka rubuta, sauran ka goge su a gabansa.